Yadda za ka zaɓi agogon hannu kafin ka biya

Da farko ka auna wuyan hannunka da zare. In siriri ne, agogo mai faɗin milimita 36 zuwa 40 ya ishe ka. Wanda ya wuce haka sai ya zauna maka kamar faifai.

Sai ka yanke shawara: mai batir ko otomatik? Kalli tsinken sakan. Na batir tsalle yake ɗaya-ɗaya, na otomatik kuwa sulalewa yake, motsin hannunka ke wana shi. Irin su Seiko 5, da ka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Ba lalacewa ya yi ba.

Juya bayansa ka karanta. In an rubuta 30M, fantsamar ruwan alwala kaɗai yake jurewa; mai shiga iyo ya nemi 100M.

Jabu fa ya cika kasuwa, har Casio F-91W, agogo mai nuna lambobi da ya fara fitowa a 1989, bai tsira ba. In shi za ka saya, danne maɓallin dama na sakan uku, na asali zai nuna CASIo.

Sannan ka ɗaura shi, ka tabbata ɗan yatsa na shiga ƙarƙashin maɗaurin, kafin ka fara ciniki.