Yadda za ka ƙera kurfi da tsohon sifirin na mota

Kurfin kasuwa na yanzu wallahi da ka sara ƙarfe sau biyu bakin ya lanƙwashe, gara ka je wajen 'yan gwangwan ka sayi guntun sifirin ka yi naka. Ka hura wuta da gawayin ƙirya, shi maƙera suka fi so don yana daɗewa kuma yana zafi sosai, in babu zugazugi ko fankar hannu ta isa. Idan ƙarfen ya yi ja sai ka riƙe da awartaki ka ta dukan bakin da guduma har ya yi faɗi, ka gyara da magagari bayan ya huce.

Ban ruwa, wato taurara bakin ƙarfen, shi ne aikin gaba ɗaya. Ka mayar da bakin wuta har sai maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 kenan, ka ƙara masa zafi kaɗan sannan ka tsoma a mai, ba ruwa ba don Allah, sifirin tsagewa yake a ruwa. Sai ka goge bakin ya yi haske, ka ɗumama jikin kurfin daga can bayan bakin a hankali, da ka ga launin shuɗi-shuɗi mai ja ya iso bakin ka sake tsomawa. Kan da ake duka kuwa kar ka ba shi ruwa, ɓallewa zai yi ya shiga ido.