Yadda za a nemo ma 'yan kwana-kwana tallafin kayan aiki da horo a Sakkwato

Jama'a duk wanda ke garin ga cikin Janairun 2021 ya ga abin da wuta ta yi ma babbar kasuwar Sakkwato, kuma da hunturu ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba a daɗewa sai ka ji gobara ta tashi wani wuri, ko shago ko gida ko tankar mai bisa hanya. Da an kashe wuta sai a koma kan 'yan kwana-kwana da zagi, wai sun zo latti wai sun zo ba ruwa, amma mutum nawa ne sunka taɓa leƙa sitonsu su ga mesa nawa ce mai lafiya, ko rigar wuta nawa ake karɓa-karɓa tsakanin ma'aikata? Kasafin gwamnati shi ne babba ba mu ce a bar shi ba, sai dai jiha mai ƙananan hukumomi 23 ba ya yiwuwa a ce komi sai an jira bajat. Akwai kuɗɗin tallafi ciki da waje kuma ana samu, amma ba kuka ke kawo su ba, takarda ce da shaida. Maganar tawa da ku ce jami'an kashe gobara, da shugabannin kasuwa, da samarin unguwa masu ƙungiya.

Bari in fara raba ku da wata wahala. In ka shiga Google kana neman tallafin kashe gobara, abin da zai fara cika maka waya shi ne shirin tallafin 'yan kwana-kwana da ake ce ma AFG, na hukumar agajin gaggawa ta Amurka wato FEMA, wanda anka fara tun 2001. Wanga shiri na tashoshin kashe gobara na cikin Amurka ne kawai, kai da ke Sakkwato ba ka ciki, kar ka ƙone data. Abin da za ka iya tsinta wurinsu shi ne irin tambayoyin da suke yi, don kusan duk mai ba da tallafi su yake yi: mi ke damunku, nawa zai ci, wa zai amfana, mi ya sa ba ku iya saye da kanku ba.

To aikin farko ba rubuta wasiƙa ba ne, buɗe littafin tasha ne. A zauna a fitar da lissafin shekara 2 ko 3 da sunka wuce, kira nawa anka samu, wace unguwa, wane wata, mi ya haddasa wutar, minti nawa anka yi kafin a isa, sau nawa ruwa ya ƙare mota ta koma ɗebowa, rai nawa anka rasa, dukiyar nawa ta ƙone. In littafin ba ya cika to a fara cika shi daga yau, ko a sa yaro ɗaya mai kwamfuta ya riƙa zubawa cikin Excel duk sati. Sannan a shiga sito a ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a ɗauki hoto, mai aiki gefe, matacce gefe, da shekarar da anka saye shi. Zuwa wurin mai tallafi ba da wanga lissafi ba kamar zuwa asibiti ne ka ce ma likita ba ka da lafiya ka yi shiru, ba ya da abin da zai rubuta maka. Shi mutumen da zai karanta takardarku ƙila bai taɓa taka Sakkwato ba, bai san Kasuwar Kara ba, bai san nisan Illela ko Isa daga cikin gari ba, sai abin da kunka nuna mai da alƙaluma da taswira.

Yanzu mi za a roƙa? Nan ne nake saɓawa da mutane da yawa. Kowa mota yake so, don ita ake gani ita ake yanka ma ƙyalle ranar biki. Ni a ganina mota ce ta ƙarshe a jerin roƙo, musamman ga wanda bai taɓa karɓar tallafi ba. Ruwa ne farko. Rijiyar burtsatse mai sola da babban tanki kusa ga kasuwa, da bakin famfo wanda mesar motarku ke shiga daidai, wanga kaɗai na iya rage zaryar da mota ke yi wuta na ci. Bayan ruwa sai kayan jikin ma'aikaci, riga da wandon wuta, hular kwano, safar hannu, takalmi, da tukunyar iskar numfashi ta goyawa a baya, don hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Amma fa wanda ya roƙi tukunyar iska bai roƙi injin cika ta ba ya yi rabin aiki, iskar ciki ba ta wuce ta wajen minti 30 ga wadda anka fi amfani da ita, in ta ƙare ba injin mai faci ake kai ta ba, nata injin daban ne mai tace iska. Sai kumfa don wutar fetur, tunda ruwa zalla watsa ta yake, da almakashin yanka ƙarfe na fidda mutane cikin mota in an yi hatsari, da rediyon oba-oba. Ku zaɓi matsala ɗaya ku tsaya kanta. Takardar da ta roƙi mota da gini da albashi da kwamfuta gaba ɗaya, mai karatu shina ganewa ba a zauna an yi tunani ba.

Sai batun da sunan wa za a nema, kuma wallahi nan ake yawan faɗuwa. Jami'in gwamnati ba ya tashi haka kawai ya rubuta ma ofishin jakadanci da sunan hukuma, sai ya bi ta darakta, a kai ma babban sakatare na ma'aikatar da kuke ƙarƙashinta, a samo takardar amincewa mai sa hannu da hatimi, in tallafin na waje ne kuma ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta san da zancen. Da yawan masu tallafi ma ba su son zuba kuɗɗi asusun gwamnati, sun fi son ƙungiya mai zaman kanta ko ƙaramar hukuma. Saboda haka dabara ita ce haɗin gwiwa, ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta ci gaban gari ta nema, hukumar kashe gobara ta zama mai amfana, a rubuta yarjejeniya a fayyace wa ke da kayan, wa zai gyara, wa zai zuba mai. Ita ƙungiyar dole ta kasance da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da lambar haraji, da satifiket na SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗɗin haram wanda ke ƙarƙashin EFCC, da akawun na banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum 2 ko 3, ba akawun ɗin ciyaman ba don Allah. In akwai rahoton odita na shekarun baya ya ƙara kyau.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa kuwa, ta waje da na fi ganin ta dace da mu ita ce ta ofishin jakadancin Japan a Abuja, suna da shirin ƙananan ayyukan al'umma da ake ce ma GGP, ƙungiyoyi da ƙananan hukumomi da makarantu da asibitoci ke nema, mutum ɗaya ko kamfanin riba ba ya ciki. Shekaru da dama a baya iyakarsa miliyan 10 ne na yen, kuɗɗin Japan, amma a karanta sanarwar shekarar da za a nema a bi abin da ta ce. Suna son farashi daga 'yan kasuwa 3 daban-daban, kuma ba su biyan albashi ko kuɗɗin gudanarwa na yau da kullum. Akwai FIRE AID a Ingila, gamayyar ƙungiyoyi ce masu tattara kayan kashe gobara su kai wasu ƙasashe tare da horo, akwai kuma Africa Fire Mission ta Amurka da ke horas da 'yan kwana-kwana a Afirka har ta intanet. Su waɗanga yawanci kaya da ilimi suke badawa ba tsabar kuɗɗi ba.

Amma gaskiya ƙofar gida ta fi kusa. Kamfanin siminti na BUA na nan Kalambaina, bankuna sun cika gari, ga masu gidajen mai da masu tankoki waɗanda su ne wuta ta fi yi ma barazana, manyan kamfanoni suna ware kuɗɗin taimakon al'umma duk shekara kuma takarda suke jira. Ga 'yan majalisa na jiha da na tarayya da aikin mazaɓa, sai dai su lokaci ne sirrin, a same su tun tsakiyar shekara kafin a rufe lissafin bajat, ba bayan an sa hannu ba. Ga kuma abin da ba a cika tunawa ba, waƙafi. Jihar ga tana da hukumar zakka da waƙafi, kuma attajirin da zai gina masallaci na uku a layi ɗaya, in malami ya zaunar da shi ya nuna mai tankin ruwan kashe gobara bakin kasuwa shi ma sadaka ce mai gudana, ba na jin zai ƙi. Wasiƙar goyon baya daga uban ƙasa ko sarkin kasuwa tana ƙara ma irin wagga takarda nauyi ƙwarai.

Rubutun kansa kar a cika shi da dogon Turanci da kirari. Shafi na farko ya faɗi komi a taƙaice, su wa ne ku, mi ke matsala, mi kuke so, nawa ne. Sannan shaida, sannan tsarin aiki wata-wata, sannan kasafi. A kasafin a rubuta kowane kaya da adadinsa da farashinsa da kwateshan, wato takardar farashi daga mai saidawa, a manne, a sa kuɗɗin dakon kaya daga Legas ko Kano zuwa nan, a kuma rubuta ranar da anka ɗauki farashin tunda naira ba ta zama wuri ɗaya. A nuna abin da ku ma za ku kawo, ko fili ne ko leburanci ko direba ko man gas, mai tallafi ya fi sakin jiki in ya ga kun sa naku. Kuma a amsa tambayar da kowa ke yi tun kafin a yi ta: bayan shekara 3 in famfo ya lalace wa zai gyara, da wane kuɗɗi? In an ba da fom a bi fom, in an ce shafi 5 kar a kai 6, kuma a tura da sauran kwanaki don netuwok ba ya da alƙawari ranar ƙarshe.

Horo kuma kar a bar shi a baya, a saka shi cikin takarda ɗaya da kayan. Hukumar kashe gobara ta tarayya tana da makaranta a Sheda kusa ga Abuja, ana iya neman kuɗɗin tura mutane kaɗan su dawo su koyar da saura, ya fi arha bisa ɗaukar kowa. A nan gida ma akwai 'yan kashe gobara na filin jirgin Sultan Abubakar III da sunka san aikin kumfa, ga Red Cross don agajin farko, ga 'yan Road Safety da SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, don atisayen haɗin gwiwa. Horon masu gadin kasuwa da 'yan sintiri kan yadda ake amfani da tukunyar kashe wuta da kiran 112 da wuri, shi ma aiki ne da ake saurin ba kuɗɗi don ba ya da tsada kuma ana ganin mutanen da sunka amfana.

In Allah ya sa an ce za a ba ku kayan kyauta daga waje, kar murna ta hana tambaya. Motocin Ingila da na Japan sitiyarinsu na dama ne, mu kuwa tun 1972 munka koma tuƙin hannun dama da sitiyari a hagu, dokar hanya ba ta yarda da rajistar mai sitiyarin dama ba, to a warware wanga tun kafin a loda. A tambayi bakin mesa wane iri ne, don na Ingila daban na Jamus daban na Japan daban, in bai shiga naku ba sai an sayi mahaɗi. A tambayi shekarun kaya, ƙa'idar Amurka ta ce rigar wuta ta yi ritaya bayan shekara 10 da ƙera ta, tukunyar iska ma tana da ranar gwaji da ranar mutuwa a rubuce jikinta. A kai bakaniken da zai riƙa gyaran motar ya ga hotonta ya faɗi ko ana samun safaya a Najeriya. Sannan takardar yafe harajin kwastam daga ma'aikatar kuɗi ta tarayya ake neman ta, kuma kafin jirgi ya taso, in ba haka ba kuɗɗin ajiya a tashar ruwa na iya fin kayan tsada.

Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce an amince da tallafinku amma sai kun biya kuɗɗin fom ko na sakin kuɗɗi, ɗan damfara ne, ofishin jakadanci ba ya karɓar ko sisi. Haka mai cewa a ba shi kashi kaza ya san wani a ciki.

In kuɗɗi sun shigo a kashe su kan abin da anka rubuta kaɗai, in farashi ya tashi ko ana son canza wani abu a rubuta a nemi izini tukuna a jira amsa a rubuce. Kowane rasit a adana shi cikin fayil, kowane kaya a buga mai lamba a shigar da shi rajistar sito, a ɗauki hoton kafin aiki da bayan aiki, a tura rahoto ranar da anka yi alƙawari ko da ba su tuna ba. In kuma ba a dace ba, a rubuta a gode a tambayi inda takardar ta gaza, wasu suna amsawa, a gyara a sake turawa zagaye na gaba da sabon lissafin hunturun bana a ciki.