Neman aiki a Saudiyya: bar tura CV kawai, ga inda aikin yake fitowa

Akwai wani yaro ɗan yayar matata, haifaffen Makka ne, ya zo ya zauna wajenmu a Jidda kusan wata huɗu yana neman aiki, kullum yana kwance kan katifa waya a hannu, CV ɗaya tak yake turawa LinkedIn da Bayt da duk wata sanarwa da ya gani a WhatsApp, ko mutum ɗaya bai kira shi ba sai wani da ya ce ya fara turo riyal ɗari biyar kuɗin "buɗe fayil". Na ce masa kai tashi, gobe in Allah ya kai mu ka raka ni kasuwar Bab Sharif. Abin da na nuna masa shi zan faɗa a nan, don na san irinsa suna da yawa tun daga unguwar Shara Mansur a Makka har Karantina a Jidda.

Kafin komai ka duba takardarka, don duk dabarar da zan kawo ba ta da amfani in takarda ba ta zauna ba. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta aiki ba ce, wannan ba ma sai an ja ba, ƙarshenta tarhil, wato a kama ka a mayar da kai gida. Abin nan kuma da dillalai ke sayarwa a gida da sunan "biza hurra", wai ka shigo ka yi aiki inda ka ga dama kana ba kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka, wani abu duk wata, babu shi a dokar ƙasar nan, doka ta ce ka yi wa wanda sunansa ke kan iƙamarka, wato katin izinin zama, aiki ne kawai. Sai mihna, wato sana'ar da aka rubuta maka a iƙama. Tun da aka kawo tsarin Nitaqat a 2011 ake ta ware wa 'yan ƙasa ayyuka, shagunan sayar da waya da gyaranta tun 2016 suka koma nasu, shagunan gwal ma haka, to ka ga in ka ɓata wata uku kana neman aikin da doka ta hana a ba ka ai kai ka so. Buɗe Qiwa, manhajar gwamnati ta harkar aiki, da Absher ta takardun zama a wayarka, ga me aka rubuta a kanka, sannan mu yi magana.

To yanzu ga ainihin zancen. Yawancin ayyukan da irinmu ke samu ba a taɓa tallansu ba. Mai kamfanin kago, wato masu aika kaya, yana neman wanda zai riƙe masa lissafin buhuna, ba zai je intanet ba, zai tambayi wanda yake sallah kusa da shi ne, "ka san wani yaro mai amana?" Larabawa suna ce masa wasɗa, mutanenmu kuma da sun ji kalmar sai su ɗauka sai kana da wani babba a sama. A'a. Wasɗar talaka ita ce wani ya taɓa ganin aikinka da idonsa har zai iya cewa na tsaya masa.

Shi ya sa na kai yaron nan wajen wani dattijo mai haɗa kaya zuwa Kano da Yamai, shago ne ɗan ƙarami, katon-katon na dabino da jallabiyoyi har rufi, ga fanka tana ta kaɗa zafi, shi kuma Alhajin yana zaune da wani tsohon littafi yana neman sunan wata Hajiya da ta kira sau uku tana faɗa kayanta ba su iso ba. Ban ce a ba shi aiki ba. Cewa na yi, "Baba Alhaji, ga ɗanka, ya iya kwamfuta, in ka yarda ya zauna ya jera maka sunayen nan a waya ka ga ko zai yi." Kafin la'asar ya zuba shafi goma sha a Excel, suna da lamba da nauyin kaya da ranar tashi, Alhaji ya danna sunan Hajiyar nan ya fito nan take, sai ya cire tabarau ya ce "ikon Allah". Shi bai da halin ɗaukar ma'aikaci, amma shi ne ya kira wani abokin huldarsa mai kamfani na gaske da ke iya yin naƙal kafala, wato mayar da iƙamar ma'aikaci ƙarƙashinsa. A lura fa, nuna gwaninta na yini ɗaya daban, zama kana aiki a wajen da ba kafilinka ba daban, na biyun in aka yi kame kai da mai shagon duk kun shiga uku.

Darasin dai shi ne kar ka je da "ina neman aiki, ko wane iri". Ko wane iri yana nufin ba ka iya komai ba. Je da abu ɗaya da za ka iya nunawa cikin minti biyar: in mai gyaran AC ne kai, hotunan aikinka kafin da bayan gyara, in girki ne, kai ɗanɗano, in lissafi ne, nuna shafi. Kuma ka faɗa wa mutum biyar da suka san ka takamaimai abin da kake nema, limamin unguwa, mai kantin unguwa, direban da ke kai kaya tashar jirgin ruwa, dattawan da ake shan shayi da su bayan isha'i. Ka koma bayan mako biyu ka gaishe su, ba roƙo ba, gaisuwa, mutum yana mantawa.

Abu na gaba da muke rainawa shi ne harshe. Najeriya kaɗai an ba ta kujera 95,000 a aikin Hajjin 2024, ga Nijar ga Ghana ga Kamaru da Chadi, ga masu Umara da ba sa yankewa musamman da azumi. Hudubar Arfa ma ana fassara ta da Hausa. Duk kamfanin da ke hidimar waɗannan mutane, masu masauki, masu abinci, masu motoci, masu kago, yana buƙatar wanda zai ji abin da tsohuwa daga Zinder ke cewa ya faɗa wa mudir, wato manaja, da Larabci. Wanda ya haɗa Hausa da Larabci da ɗan Turanci ko Faransanci yana da abin da ɗan Indiya da ɗan Masar ba su da shi, sai dai kullum a can ƙasan CV muke ɓoye shi kamar abin kunya. Ka sa shi a sama. Kuma ka nemi waɗannan kamfanonin tun Rajab ko Sha'aban, ba ana gobe Arfa ba. Aikin mausim, wato na lokacin Hajji, akwai tsarin Ajeer da ake bi a yi shi bisa doka, ka tambaya ko ta nan za su ɗauke ka, in suka fara kame-kame ka san amsar.

Masu digiri, ku kuma taku hanyar ta lasisi ce: injiniya sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya, nas da likita sai hukumar kula da ƙwararrun lafiya, da tantance takardu da jarabawa. Fara wannan tun kafin a kira ka.

In kuma kana da aiki amma ya ishe ka, ka sani tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wajen ta Qiwa bayan ya cika shekara ba tare da sai kafili ya yarda ba, kuma ko shekarar ba ta cika ba in an hana ka albashi wata uku a jere ko an bar iƙamarka ta mutu kana da dama. Wannan sauyin bai haɗa da direban gida da 'yar aikin gida da makiyayi ba, ma'aikatan gida nasu tsarin ta Musaned yake bi. Amma don Allah kar ka fita da fushi ka daina zuwa kawai, a rubuta maka hurub, wato rahoton cewa ka gudu daga aiki, ka zo kana neman mai gyarawa. Samu sabon wajen tukuna, su turo buƙata ta Qiwa, ka karanta, ka amince. In rigima ce ta haƙƙi, lambar ma'aikatar ƙwadago 19911.

Sai batun aikin da zai kwanta maka a rai, wanda ni a ganina a nan ake yawan kuskure, don da an ji adadin albashi sai a manta da sauran. Riyal dubu biyu da ɗari biyar da masauki da mota ya fi dubu uku da rabi da za ka biya haya a Jidda daga ciki. In iyalinka na ƙarƙashinka akwai riyal 400 duk wata kan kowane mutum, sa shi a lissafi. Kuɗin iƙama da izinin aiki kan mai aiki yake, ba kanka ba, fasfonka kuma naka ne ba a ajiye shi a durowar mudir. Doka ta ce awa 8 a rana, 48 a mako, da azumi awa 6 ga Musulmi, hutu kwana 21 a shekara, in ka kai shekara biyar 30, kuma ranar rabuwa akwai haƙƙin ƙarshen aiki, rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakke a kan na bayansu. Duk abin da aka faɗa maka da baki, in bai shiga kwantiragin Qiwa ba to hira ce.

Ni abin da nake yi kafin in ce wa wani ya karɓi aiki, sai in ce ya je wajen lokacin tashi ya tsaya bakin ƙofa, ya sami ɗaya daga cikin ma'aikatan ya saya masa shayi ya tambaye shi abu uku: ranar nawa ga wata albashi ke shiga, yaushe rabonsa da gida, kuma wanda ya bar kujerar nan me ya kore shi. Yaron nan namu haka ya yi, wani ɗan Sudan mai gadi ya ce masa biyan albashi ba ya wuce ranar biyar ga wata, kuma ana barin mutum ya je Juma'a Harami in ya nemi izini tun Laraba. A kan wannan ya sa hannu.