Darasi na 7: Agogon Wani a Tsintsiyar Hannu

Agogon wani, wato wanda ake murɗawa don ya yi aiki, ba ya amfani da batir. A cikinsa akwai babban sifirin da ake naɗewa, shi ke ba shi ƙarfi. Akwai kuma wata 'yar ƙafa mai lilo, zagayayya kamar ta keke, wadda aka ɗaure da sifirin siriri kamar gashi. Lilon nan shi ne ke ƙidaya lokaci. A agoguna da yawa na yanzu, tana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a daƙiƙa ɗaya.

Duk abin da ya taɓa lilon nan, ya taɓa lokaci. Agogon da ke kwance a tebur zamansa ɗaya ne. Na hannu kuwa yini yake yana juyi: fuska sama, fuska ƙasa, a gicciye. Idan yana a tsaye, nauyin ƙafar yana danne ƙusoshinta ta gefe, gogayya ta ƙaru, lilo ya ragu. Shi ya sa a Siwizalan hukumar tantance agogo ta COSC take gwada agogo kwana 15, a zama iri 5, kuma ba ta ba shi shaida sai in bai wuce lattin daƙiƙa 4 ko gudun daƙiƙa 6 a rana ba.

Agogo mai yi wa kansa wani yana bukatar motsin hannu. Mai zaman wuri ɗaya ba ya cika masa ƙarfi, kuma in ƙarfi ya yi ƙasa lokaci yakan karkace. Irin wannan, a murɗa masa wani sau 30 da safe.

Babban abokin gaba shi ne maganaɗisu. In ka ajiye shi kusa da lasifika, zoben siririn sifirin sai su manne da juna, agogo ya riƙa gudun mintoci a rana. Mai gyara zai cire wannan cikin ɗan lokaci, ba sai ya buɗe shi ba. Sara da bugun guduma ma suna girgiza shi. Cire shi kafin irin wannan aiki.

Ga gwajin da za ka yi. Daidaita shi da agogon waya. Sa shi yadda ka saba har kwana 7, sannan ka raba bambancin gida 7. In yana gudu, kwantar da shi a gefensa da dare. In latti yake, ajiye shi fuska sama. Agoguna ba halinsu ɗaya ba, don haka rubuta abin da kowane zama ya haifar.