Yadda Ake Tara Kayan Katako na Al'ummar Gurage

Al'ummar Gurage, mazauna kudu maso yammacin Addis Ababa a ƙasar Habasha, sun daɗe suna sassaƙa matashin kai da kujeru da akusa daga gungume guda. Wanda yake son tara irin waɗannan kaya, ya fara da koyon bambanta abin da aka yi amfani da shi a gida da wanda aka sassaƙa domin 'yan yawon buɗe ido.

Matashin kai ne ya fi nuna wannan bambanci. Na ainihi yakan yi duhu da sheƙi a inda wuya yake sauka, saboda man shanun da ake shafawa a gashi ya ratsa katakon shekara da shekaru, ga kuma hayaƙin murhu na cikin bukka. A juya shi a duba gindinsa, domin wanda ya sha aiki gefunansa sukan goge. Idan kuwa launin ya zama bai ɗaya har cikin zane, ko yana warin man goge takalmi, to tsufan na bogi ne.

Kafin a biya kuɗi, a nemi bayanin inda kayan ya fito a rubuce, domin dokar Habasha mai lamba 209 ta shekarar 2000 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba.

A wajen ajiya, kada a wanke da ruwa ko a shafa fenti, a kuma nisanta shi daga rana da laima. Garin katako a ƙarƙashinsa alama ce ta ƙwari, sai a ware shi nan take.