Maganin da ke sassauta bugun zuciya: yadda za ka sha shi lafiya

Ɗauko kwalin maganinka ka duba sunan da aka rubuta a jiki. In ka ga propranolol, atenolol, bisoprolol, metoprolol ko carvedilol, to da kai nake. Dangi ɗaya ne, likitoci suna ce musu bita-buloka, kuma sunayensu da "lol" suke ƙarewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Sakkwato, na daɗe ina zama da masu ciwon zuciya, kuma abin da zan faɗa shi ne abin da nake maimaita wa marasa lafiya kafin su bar gabana.

In mutum ya razana ko ya yi aikin ƙarfi, jiki yana sakin wani sinadari, adirenalin, wanda ke sa zuciya ta ƙara gudu da ƙarfin bugu. Wannan magani yana tare wuraren da sinadarin ke kamawa, sai zuciya ta lafa, ta yi aikinta ba tare da wahala ba. Kamar linzami yake a bakin doki. Wani masani ɗan Birtaniya, James Black, shi ya samar da propranolol a shekarun 1960, har aka ba shi kyautar Nobel a 1988. Ana ba da magungunan wannan dangi ga mai ciwon ƙirji saboda toshewar hanyoyin jinin zuciya, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya, wato hanyar jinin zuciyarsa ta toshe kwatsam, da wanda zuciyarsa ta yi rauni, da mai bugun da ba ya tafiya daidai. A hawan jini zalla kuwa, ba kasafai ake farawa da shi ba, don a jikin baƙar fata irin su amlodipine sun fi saukar da jini.

Abu na farko, kuma wanda ya fi damuna: kada ka daina sha rana ɗaya. Sau da yawa dattijo zai dawo mana yana haki, hannu dafe da ƙirji, in tambaye shi, "Baba, ina maganin?" Sai ya ce, "Ɗiyata, ai na samu sauƙi, shi as sa nab bar sha." Sauƙin nan maganin ne ya kawo shi. Zuciyar da ta saba da shi, in aka janye mata shi kwatsam, sai ta zabura, bugu ya hau, jini ya hau, ciwon ƙirji ya dawo fiye da na dā, wani ma a nan zuciyar ke bugawa. Ko likita ne zai tsayar da shi, a hankali yake ragewa, cikin sati ɗaya zuwa biyu ko fiye. Na san wani lokaci ba ganganci ba ne, kuɗi ne suka yanke. To kada ka jira kwali ya ƙare. Da ka ga saura na sati guda, fara neman na gaba, kuma in ya gagara ka zo ka faɗa, akwai mai rahusa a danginsa da likita zai iya duba ko ya dace da kai. Mai tafiya aikin Hajji, ko fatake masu yin makonni a Legas ko ƙetaren Illela, su ƙirga ƙwayoyin da za su ishe su har da ƙari.

In ka manta ba ka sha ba, ka sha da zarar ka tuna a ranar. In lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ya wuce. Kada ka haɗa biyu.

Sai ka koyi ƙirga bugun jininka. Zauna ka huta minti 5. Juya tafin hannunka na hagu sama, ka ɗora yatsa manuniya da na tsakiya na hannun dama a wuyan hannu, ƙasa da gindin babban yatsa, ka ɗan danna har ka ji yana motsi a ƙarƙashin fata. Kada ka sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun, zai rikita ka. Duba agogon waya ka ƙirga na minti ɗaya cur. Ga babban mutum, 60 zuwa 100 shi ne daidai, mai shan wannan magani kuma yakan sauko kusa da 60 ko ƙasa kaɗan, ba laifi. In ya yi ƙasa da 50 kuma kana jin jiri, ko kasala mai nauyi, ko kamar za ka faɗi, kada ka sha na gaba sai ka ji daga likita a ranar. Sami ƙaramin littafi ka riƙa rubutawa da kwanan wata. In tsohuwa ce ba ta karatu, jikanta ɗan sakandare zai iya. Littafin nan yana taimaka wa likita fiye da "ina dai jin jiki".

Wanda zuciyarsa ta yi rauni, da ɗan kaɗan ake fara masa, bisoprolol 1.25mg ko carvedilol 3.125mg, a riƙa ƙarawa bayan makonni. Carvedilol da abinci ake sha. Kwanakin farko za ka iya jin gajiya ta ƙaru, yawanci tana wucewa. Amma in ƙafa ta ƙara kumbura, ko ba ka iya kwanciya sai ka tara matasai, koma asibiti. Wannan ya shafi mata masu jego sosai, don ciwon raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu. Ina roƙon iyaye da surukai: in likita ya ce mai jego tana da shi, a ajiye kunun kanwa, a rage gishiri da dunƙule a miya. Mai ciki ko mai shayarwa kuma ta faɗa tun kafin a rubuta mata, don atenolol ba a son sa gare su, akwai irin su labetalol da ake zaɓa.

Zafin garin nan ma abin lura ne. A bazara, lokacin da ake haura digiri 40, gumi yana zubar da ruwan jiki, jini ya sauka, sai ka miƙe ka ga duhu-duhu. Tashi daga kwance a hankali, ka zauna bakin gado tukuna. Haka in za ka ɗago daga sujada. In jirin ya yi yawa, addini ya ba ka damar yin salla a zaune. Da azumi kuwa, je ka ga likita tun cikin Sha'aban. Wanda ake sha sau ɗaya a rana ana iya mai da shi sahur ko buɗa-baki, wanda ake sha sau biyu a raba tsakaninsu, amma shi zai tsara maka, kuma shi zai gaya maka ko zuciyarka za ta ɗauki azumin.

Mutum biyu nake jin tsoro a kansu. Na ɗaya mai asma. Propranolol yana iya matse hanyoyin numfashi har abin ya kai ga rai, balle da hunturu in ƙura ta turnuƙe. Ko tun kana yaro ne rabonka da asmar, ka faɗa. Har maganin ɗigawa a ido na masu hawan jinin ido, timolol, ɗan gidan ne. Na biyu mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin. In suga ya faɗi, jiki yana gargaɗi da saurin bugun zuciya da rawar hannu, wannan magani kuma yana rufe su. Gumi ne kawai ke saura. In ka ji gumi ya keto maka haka kawai, gwada suga, ko ka sa dabino ko sukari a baki.

Yanzu batun fargaba. Ɗalibai sun gano propranolol. Mai shirin kare kundin bincike ko shiga intabiyu sai ya je kemis ya saya don abokinsa ya ce yana aiki. Gaskiya ne yana kwantar da rawar hannu da rawar murya da dukan ƙirji, likitoci ma suna rubuta shi don haka. Amma ba ya taɓa tunanin da ke hana ka barci. Kuma faɗuwar gaba ba kullum damuwa ba ce, tana iya zama ƙarancin jini, ko ƙullin maƙogwaro da ke aiki fiye da kima, ko ciwon zuciyar kansa, duk sai an gwada. In damuwa ce ta zauna maka wata da watanni, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da ɓangaren masu kula da wannan a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna da magani da zaman shawara, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Ina ƙara jan kunne: propranolol in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya da tsayawar zuciya. A ɗaga shi daga inda yara ke kaiwa, kuma in akwai wanda baƙin ciki ya yi wa katutu a gida, wani babba ya riƙe kwalin ya riƙa ba shi na rana-rana.

Sanyin hannu da ƙafa, mafarkai masu yawa, da raguwar kuzarin namiji a shimfiɗa duk suna faruwa. Na ƙarshen nan shi ke sa maza da yawa su jefar da magani a ɓoye su koma wajen masu maganin ƙarfin maza. Alhaji, faɗa wa likita, ba sabon zance ba ne a kunnensa, kuma ana iya canja maka wani.

Duk ranar zuwa asibiti, zuba duk abin da kake sha a leda ka zo da shi, har na gargajiya. Verapamil da diltiazem, waɗanda su ma magungunan zuciya da hawan jini ne, in suka haɗu da wannan suna iya rage bugu fiye da kima. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon gwiwa suna rage masa ƙarfi kuma suna tara ruwa a jiki, wasu magungunan mura kuma suna ɗaga jini. Saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada ka bar shi a mota cikin rana. In za a yi maka tiyata, ka sanar da su kana sha. In kuwa mutum ya suma, ko numfashi ya sarƙe, ko ciwon ƙirji ya ƙi lafawa bayan 'yan mintuna, ko ana zargin ya sha fiye da kima, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa nan take, a tafi da kwalin maganin a hannu.