Darasi na Bakwai: Wuta a Gona Bayan Girbi

Idan an kwashe amfani, gona takan rage da karan dawa, karan gero ko bambaron shinkafa. Lokacin sharar gona, manoma da yawa sukan tara su su cinna wuta don aiki ya yi sauri kafin damina ta sauka.

Akwai doka a kan wannan. A 2011 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, kuma hukumar muhalli ta NESREA ce ke kula da su. Dokar ta hana cinna wa daji wuta ba tare da izini ba. Gaskiya ba kowane ƙauye labarinta ya kai ba.

To amma ko jami'i bai zo ba, gonar ce ke biyan tara. Kara yana ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda muke saya da tsada cikin buhun yuriya. Da an ƙona shi, yawancin sinadarin ya bi hayaƙi. Toka tana da ɗan amfani, sai dai iska kan kwashe ta. Ƙasa ta zauna ba rufi, rana ta gasa ta, ruwan farko ya zo ya wanke samanta. Ƙananan itatuwa irin su gawo ma sun tafi.

Idan kuwa aka shimfiɗa karan, gara za ta ci shi, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Manoman Nijar kan yi haka a kan fako, karan ya tare yashi da ganyen da iska ke kawowa, wurin ya soma farfaɗowa.

Wani zai ce, "Tsutsar kara fa?" Yana da gaskiya, takan kwanta cikin karan dawa duk rani. Wanda ya ga ta yi yawa ya ba dabbobi karan, ko ya daddatsa shi cikin ramin taki kafin shuka.

In ƙonawa ta zama dole, a nemi izini, a sanar da mai unguwa da maƙwabta. A share gefen gona kewaye, a jira iska ta kwanta, kada a tafi sai wutar ta mutu.

Tambayoyi

1. Wace hukuma ce ke kula da wannan doka?
2. Me gona ke rasawa idan aka ƙona kara?
3. Rubuta abin da kuka yi da karan gonarku bara.